Majigin Ƙasashen Ƙanƙara: Sharhi Kan Tsofaffin Fina-finan Sikandinabiya Marasa Magana

Idan aka ce da mutumin Daura, ko na Zango, ko na Sandamu, ya ba da sa'a biyu daga cikin darensa ga wani fim da aka ɗauka fiye da shekara ɗari da suka shige, a ƙasashen da teku kan daskare har a bi ta kansa da doki, fim ɗin da babu magana a cikinsa, babu waƙa, babu rawa, to, ba wanda zai ga baikensa in ya ce a fara gaya masa dalili tukuna. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, fina-finan da mutanen Denmak da Suwidin da Norwe suka yi tun daga wajen 1910 har zuwa 1928, waɗanda masana wannan fanni ke lissafa su cikin mafifitan abin da aka taɓa ɗauka, sun fi kusa da idon mutumin ƙasar Daura fiye da yadda ake zato, saboda wani horo da idon nan ya riga ya samu a ƙofar fada a zamanin majigi, ko da yake waɗanda suka yi horon ba da niyyar girmama shi suka yi ba.

Kusan dukkan wannan labari, daga bunƙasar sana'ar a can arewacin Turai, da faɗuwarta, har zuwa isowar motar majigi garuruwanmu, ya auku ne cikin sarautar mutum guda, watau Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya hau gadon sarauta a 1911 ya kuma daɗe a kai har 1966. A farkon zamaninsa na'urar ɗaukar hoto da hannu ake juya ta, ba ta kuma iya kama sauti tare da hoto, sai dai in magana ta zama tilas a rubuta ta a kan allo, a sako ta tsakanin hoto da hoto, mai kallo ya karanta. Amma kada a ɗauka cewa shiru ake zaune a ɗakin kallo, domin akwai makaɗi a gefe, ko ƙungiyar makaɗa in gidan babba ne, suna bin labarin da kiɗa. Haka kuma akan tsoma fim ɗin cikin rini, a ba dare launin shuɗi, a ba cikin ɗaki ruwan ɗorawa, a ba gobara ja. Sai a 1927 magana ta fara shiga fim a Amurka, kuma kafin 'yan shekaru ƙalilan tsohuwar hanya ta mutu.

Denmak ce ta riga maƙwabtanta. A 1906 wani ɗan kasuwa mai suna Ole Olsen, wanda ya taso cikin talauci ya yi yawon nuna wasanni a kasuwanni, ya kafa kamfanin Nordisk a birnin Kwapanhagan, kamfanin da har yau yana nan da ransa. Abin da ya fara fito da sunansa abin dariya ne ga mutumin Afirka, domin a 1907 ya sayo tsofaffin zakuna biyu daga Hambug ta Jamus, ya kai su wani ɗan tsibiri, aka kakkafa 'yan itatuwa don a ce daji ne, aka harbe su a gaban na'ura. Ministan shari'a ya hana nuna fim ɗin saboda zaluntar dabba, hanin kuwa ya zame masa talla, har aka sayar da kwafi 259 a ƙasashen waje. Daga nan sana'ar ta girma ta yi hankali. A 1910 aka ga Asta Nielsen cikin fim ɗin Afgrunden, ita ce kuwa ta nuna wa Turai cewa ɗan wasa ba ya bukatar wurwurga hannuwa da zare ido irin na dandamali, tun da na'ura tana ganin ƙiftawar ido da rawar leɓe. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya Nordisk na cikin manyan kamfanonin fim na duniya, amma da yaƙin ya toshe kasuwanni, musamman ta Jamus, sai ƙarfinsa ya karye.

Abin da Denmak ta saki, Suwidin ta cafe, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Wani mai suna Charles Magnusson, shugaban kamfanin Svenska Bio, ya ɗauki mutum biyu aiki a 1912, Victor Sjöström da Mauritz Stiller, ya haɗa su da gwanin ɗaukar hoto Julius Jaenzon. Tun a 1913 Sjöström ya fitar da Ingeborg Holm, labarin wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da bashi da 'ya'ya uku, hukuma ta kai ta gidan gajiyayyu, ta rarraba 'ya'yan ga baƙi, har ranar da aka kawo mata ƙaraminsu bai gane ta ba, hankalinta ya gushe. Fim ɗin ya ta da muhawara mai zafi a ƙasar game da haƙƙin miskinai, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da suka share fagen gyaran dokarsu a 1918. Ya kamata a tuna cewa a daidai wannan lokaci, 1913 zuwa 1914, ƙasar Hausa na cikin yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba, wadda ta raba iyaye da 'ya'ya a nan ma, saboda haka ba a bukatar tafinta kafin a gane abin da ke fuskar matar nan.

Bayan wannan sai Magnusson ya yanke wata shawara da ta saɓa wa ɗabi'ar 'yan kasuwa, ya ce a rage yawan fina-finai a kyautata aikinsu, a ɗauko labaransu daga manyan marubuta, a kuma fita da na'ura daga ɗaki zuwa filin Allah. Na farkon wannan tsari shi ne Terje Vigen, na 1917, wanda aka ciro daga wata doguwar waƙa ta Henrik Ibsen, mutumin Norwe. Labarin wani matuƙin jirgi ne a zamanin yaƙin Napoleon, sa'ad da jiragen Ingila suka tsare gaɓar Norwe yunwa ta faɗa wa mutane. Ya shiga ɗan kwalekwale shi kaɗai ya tuƙa har Denmak don ya samo wa matarsa da 'yarsa hatsi, a kan hanyar komowa wani hafsan Ingila ya kama shi, ya nutsar da hatsin yana dariya, aka kulle shi shekara biyar, ya komo ya tarar an binne iyalinsa a maƙabartar matalauta. Bayan shekaru ƙaddara ta jefa hafsan nan, da matarsa da 'yarsa, cikin hannunsa a tsakiyar guguwa, ikon ramuwa ya zo masa cikakke, amma da ya dubi yarinyar sai ya fasa. Mas'alar ƙisasi da afuwa ke nan, wadda kowane almajiri ya ji ta a gaban malaminsa. Abin da ya ɗaukaka fim ɗin kuwa shi ne teku, domin Sjöström bai ajiye shi a baya don ado ba, ya sa shi yana fushi in mutumin ya yi fushi, yana kwantawa in zuciyarsa ta kwanta, har mai kallo ya daina jin rashin maganar.

Haka suka ci gaba. A 1917 Sjöström ya hau duwatsun arewacin Suwidin ya ɗauki Berg-Ejvind, ƙissar wani da yunwa ta sa ya saci tunkiya, shari'a ta bi shi, wata bazawara mai dukiya ta bar gidanta ta bi shi duwatsu, suka zauna shekaru har sanyi da yunwa suka cinye ƙaunar da ke tsakaninsu kafin su cinye su. A 1919 Stiller ya yi Dukiyar Malam Arne daga littafin Selma Lagerlöf, macen da ta fara samun kyautar Nobel ta adabi a 1909. A ƙarshensa akwai jerin mata cikin baƙaƙen kaya, suna tafe a kan daskararren teku ɗauke da gawar wata yarinya, dogon layi baƙi ƙirin a kan fari fat, wanda duk wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa.

Amma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Körkarlen, watau Mai Keken Mutuwa, wanda aka fara nunawa ran 1 ga Janairu, 1921, shi ma daga littafin Lagerlöf. An gina shi a kan wata tatsuniya mai cewa duk wanda ya zama na ƙarshen mutuwa a daren ƙarshen shekara, shi zai ja keken mutuwa shekara guda yana kwasar rayuka. Sjöström da kansa ya fito a matsayin David Holm, mashayin giya mai tarin fuka, wanda ya wulaƙanta matarsa ya lalata ƙanensa. Ga wani wuri guda a cikinsa da ya isa hujja. David ya zo a buge ya kwana a wani gidan agaji da aka buɗe sabo, wata ma'aikaciya mai suna Edit ta ɗauki yagaggiyar kwat ɗinsa, ta kwana a zaune cikin ɗaki mai sanyi tana yi mata faci da allura, alhali abokiyar aikinta ta gargaɗe ta cewa rigar cike take da cuta. Da gari ya waye ya ga aikin, sai ya ce a kira masa wadda ta yi. Ta zo tana murmushi, tana zaton godiya. Ya dube ta, ya sa hannu ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya yayyage facin duka a gabanta, yana dariya. Na'ura ba ta motsa ba, ba a yi gaggawar ɗauke ta daga fuskar yarinyar ba, an bar mai kallo ya ga murmushin yana mutuwa da kaɗan da kaɗan. Daga rigar nan ta ɗauki cutar da ta zama ajalinta. Ban san wata magana da za a sa a bakin ɗayansu wadda ba za ta rage wa wurin nan ƙarfi ba.

Game da keken kansa, wanda ake ganinsa yana tafe a kan titi da kan teku alhali ana hango abin da ke bayansa ta cikin jikinsa, Jaenzon ya yi shi ne ta hanyar ɗaukar hoto, sa'an nan ya mayar da fim ɗin baya a cikin na'ura, ya sake ɗaukar wani a kansa, wani lokaci har sau uku ko huɗu, yana juya hannun na'ura da sauri iri ɗaya kowane karo, domin kuskure guda ya isa ya ɓata aikin kwanaki. Ba kwamfuta, ba komai, sai lissafi da haƙuri.

To, yanzu sai mu komo gida. A ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya Bature a Ikko, William Sellers, ya fara amfani da fim don wayar da kan jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, daga baya aka ƙera masa mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haskawa, sa'an nan a 1939 aka naɗa shi shugaban sashen da gwamnatin Ingila ta kafa don yi wa ƙasashen da take mulka fina-finai. Asalin majigi ke nan. Dattawa sun san yadda abin yake: mota ta iso da la'asar, a sauka wurin hakimi ko dagaci, sanƙira ya zaga gari da shela, bayan sallar lisha a kafa farin ƙyalle a fili, yara su zube a gaba cikin rairayi, manya su tsaya a baya, 'yan doka na tsawatawa. A nuna tsabtar rijiya, da allurar rigakafi, da noman gyaɗa da auduga, da hawan sarakuna, wani lokaci a sako ɗan barkwancin Chaplin don a riƙe yara. Da yawa daga cikin waɗannan fina-finai ba su da magana, ko kuwa maganarsu ta Turanci ce da aka kashe, saboda haka akwai mai bayani riƙe da lasifika yana fassara hoto da Hausa, yana sa wa mutanen cikin fim sunaye, yana yi wa wawan cikinsu ba'a, jama'a na amsa masa. Ashe ke nan, shekara ashirin da talatin bayan Turai ta manta da kallon hoto marar magana, mutanen Mai'aduwa da Baure suna kan yinsa, sun kuma ƙware.

Sai dai akwai bambanci babba, shi ne ma zuciyar wannan sharhi. Fina-finan majigi suna da jinkiri, na Sjöström ma suna da jinkiri, amma sababin bai zama ɗaya ba. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji bisa zaton cewa idon baƙar fata marar ilmin boko ba ya iya bin hoto in ya yi sauri, ba ya gane tsallake daga wuri zuwa wuri ko daga yau zuwa jiya, saboda haka a bar na'ura a tsaye, a nuna komai daga farko har ƙarshe, a raba mutane gida biyu, mai wayo da wawa, mai wayo ya bi maganar hukuma ya yi arziki, wawa ya ƙi ya tsiyace. Shi da abokan aikinsa sun yi ta maimaita labarin wai an nuna sauro ya cika allo, masu kallo suka ce ai nasu sauron bai kai haka girma ba, ba su kuwa taɓa tsammanin cewa watakila ba'a ake yi musu ba. Jinkirin majigi irin na mai yi wa yaro magana ne yana jan kowane harafi, na Sjöström kuwa irin na maɗinkin babbar riga ne da ya san aska takwas ba ta fita a kwana biyu. Mai Keken Mutuwa yana shiga labari cikin labari, ya koma baya, daga can ya sake komawa baya, watau ainihin abin da Sellers ya ce ba za mu iya bi ba. Alhali duk wanda ya taso yana jin tatsuniya a ɗakin kakarsa, ko ya karanta Magana Jari Ce, inda aku ke saƙa labari a cikin labari, ya san wannan salo tun yana yaro. David Holm kuma ba wawan majigi ba ne da aka kafa don a yi masa dariya, mutum ne da mai kallo ke ƙinsa yana kuma tsoron kada ya ga kansa a jikinsa.

Akwai wani fim da ya taɓo mu ta wata fuska dabam, shi ne Häxan, watau Mayya, na Benjamin Christensen, mutumin Denmak da ya yi aiki da kuɗin Suwidin, aka fitar a 1922, kuma shi ne mafi tsada cikin duk fina-finan Sikandinabiya marasa magana. Rabinsa darasi ne rabinsa wasa, game da zamanin da Turawa ke ƙona mata bisa tuhumar maita. A tsakiyarsa wani magidanci ya kwanta ciwo, aka rasa kansa, sai ga wata tsohuwa matalauciya ta shigo roƙon abinci. Aka ba ta, tana ci hannu baka hannu ƙwarya saboda yunwa, matar gida ta dube ta ta ce ai ga wadda ta kama shi. Aka kira alƙalan coci, aka azabtar da ita har ta amsa abin da ba ta yi ba, sa'an nan ta shiga ambaton sunayen duk matan da suka taɓa wulaƙanta ta, tuhuma ta bi gida gida har ta komo kan gidan da ta fito. Tsohuwar da ta yi wasan ba 'yar wasa ba ce, mai sayar da furanni ce a titi, shekarunta 78. Wanda ya taɓa ganin an taru a kan wata gyatuma a ƙauye, ana cewa ta kama kurwar yaro, sai ta tsallake shi ko a hallaka ta, zai ga cewa galibi wadda ake nunawa da yatsa ita ce marar gata, a can da nan. Malamanmu sun daɗe suna faɗin cewa zato ba ya zama bayyina, iƙirarin wanda aka matsa kuma abin tuhuma ne, amma ban ga wa'azin da ya nuna yadda wutar ke cin gari kamar yadda fim ɗin nan ya nuna ba.

Sai Carl Theodor Dreyer, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne shugabansu duka. Sunansa ya fi fita da fim ɗin shari'ar Jeanne d'Arc, wanda ya yi a Faransa a 1928, inda ya hana 'yan wasa shafa komai a fuska, ya matso da na'ura har ana ganin ƙofofin gashi da hawaye. Ni dai na fi son a fara da wani ƙarami da ya yi a gida a 1925, mai suna Ka Girmama Matarka. Kusan dukkansa a ɗaki biyu aka yi shi. Mace ta tashi tun duhu, ta hura wuta, ta goge takalmin maigida, ta kankare man shanu daga kan burodinta ta ƙara a nasa ba tare da ya sani ba, shi kuwa ya fito ba abin da ya gani sai abin kushewa. Da ta kwanta ciwo aka ɗauke ta, sai tsohuwar da ta yi renonsa ta karɓi gidan, ta sa shi wanki da ɗauko gawayi, har ta tsayar da shi a lungu kamar yadda take yi masa yana yaro. Masu shirya fina-finanmu na Kano, waɗanda rikicin miji da mata shi ne rabin jarinsu, za su ƙaru in sun lura da yadda aka faɗi duk wannan da cokali da tsintsiya, ba tare da wani ya tsaya ya yi jawabin minti goma a falo ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai abin ƙi ba, kuma wajibi ne a faɗe shi. Häxan yana da tsiraici da siffanta Shaiɗan da abubuwan ƙyama, har an hana nuna shi a wasu ƙasashe an yanke shi a wasu, saboda haka ba na taron jama'a ba ne, na manyan masu nazari ne. Wani fim ɗin Dreyer, Shafuka Daga Littafin Shaiɗan, ya sa mutum ya fito a matsayin Annabi Isa, alaihis salam, wanda Musulmi ba zai yarda da shi ba, barinsa kuma ba hasara ba ce domin ba ya cikin kyawawan ayyukansa. Mai keken mutuwa tatsuniya ce ta mutanensu, ba shi da haɗi da abin da muka yi imani da shi game da Mala'ikan Mutuwa, komowar David duniya bayan ya mutu ya ga abin da ya gani kuma ta saɓa wa abin da muka sani na rufewar ƙofar tuba in rai ya kai ga maƙogwaro. Sai a ɗauke shi a matsayin mafarkin da ya farkar da gafili. Su kansu mutanen Suwidin ba su saki abin sakaka ba, domin tun 1911 suka kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa, shekara casa'in kafin Jihar Kano ta kafa tata a 2001. Amma in aka ware waɗannan, sauran sun fi yawancin abin da ke shiga wayoyin 'ya'yanmu kamun kai nesa ba kusa ba.

Zamanin bai daɗe ba. Amurka ta zo da kuɗi, ta ɗauke Sjöström a 1923, ta ɗauke Stiller a 1925 tare da wata yarinya da ya fito da ita, Greta Garbo. Ita ta zama tauraruwa, shi kuwa bai ji daɗin ƙasar ba, ya komo gida ya rasu a 1928. Abin da ƙaura ta rage, wuta ta ci. Fim na wancan zamani da wani sinadari ake yinsa mai kama wuta kamar albarushi, kuma a 1941 gobara ta tashi a ma'ajiyar wani kamfanin fim na Suwidin kusa da Istokholm, ta lashe asalin mafi yawan fina-finansu na farko, har da da yawa daga ayyukan Sjöström da Stiller. Mu ma mun ɗanɗana sharrin wannan sinadari, domin da shi aka danganta gobarar gidan sinima na El Duniya a Kano a 1951, wadda ta hallaka fiye da mutum 300. Asalin fim ɗin Jeanne d'Arc shi ma ya ƙone, aka yi shekaru ana kallon gurguwar kwafi, sai a 1981 aka tsinci cikakkiya a wani ɗakin ajiya na asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Hukumomin fim na ƙasashen sun duƙufa suna tattara abin da ya tsira suna gyarawa, har ta Denmak ta saka fiye da fim 400 a intanet kyauta. Wannan ya isa ya sa mu tambayi kanmu inda faya-fayan majigi suke, irin su Baban Larai da hotunan hawan Sallar Gani na zamanin Sarki Abdurrahman da Sarki Muhammadu Bashar, da kuma inda asalin kaset ɗin Turmin Danya na 1990 yake, tun da kaset ba ya jure zafi da ƙurar ƙasarmu.

Wanda ya yi niyyar kallo, to, ya nemi kwafin da aka gyara, domin gurɓatattun da ake haskawa da saurin da ya wuce wanda aka ɗauke su da shi su ne ke sa mutane su riƙa tsalle-tsalle kamar abin wasa, har a zaci haka aka yi su. Ya fara da Terje Vigen, wanda bai wuce kimanin sa'a guda ba, sa'an nan Ka Girmama Matarka, sa'an nan Mai Keken Mutuwa. Kada kuma ya kalle su a tafin hannu yana amsa saƙonni, domin fim ɗin da ba ya magana, in ka ɗauke ido daga kansa ka rasa jimla guda.

Mafi kyau duka shi ne a mayar da su inda idonmu ya saba, watau fili da farin ƙyalle da taron jama'a bayan lisha. Na'urar haskawa yanzu ba ta fi ƙarfin wata ƙungiyar ɗalibai ba, allunan rubutun da ke cikin kowane fim kuma kaɗan ne, malamin Hausa guda zai fassara su cikin mako. A samo mai bayani mai kaifin baki wanda ya san inda zai yi magana da inda zai yi shiru, a zaunar da mai goge ko mai gurmi a gefe ya bi labarin, a bar kakaki da tambari a inda suke, domin na Sarki ne. Ina kira ga malamai da ɗaliban Kwalejin Yusufu Bala Usman da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, su nemi izinin fada su gwada wannan ko da dare ɗaya ne a cikin rani, su kuma ajiye wa dattawan da suka ga majigi tabarma a sahun gaba, tare da wanda zai rubuta abin da za su faɗa bayan an tashi.